Daƙiƙa Huɗu

Waƙar ba ta dame ni ba da fari.
Ta masu aski ce da ƴan kabu-kabu,
kowace kwana ta Mokoyo ita ake yi,
har mai tuyar awara ta haddace ta.
Ni tela ne, kunnena na keken ɗinki ne,
sauran amo yana zuwa yana wucewa.

Sai Habsu ɗiyata ta taso lakkwal,
ta aza waya bisa atamfar mutane:
"Baba, an yi mata zane mai motsi,
Tsahirun gidan Magajiya ya zana."
Tsahiru? Mai ɓata mana bango da gawayi,
wanda na sha bi da tsintsiya ina korawa?

Na duba ne don ta ƙyale ni.

Jar akuya ta fito da baƙin tabarau,
ta hau babur, ta goyo tunkiya,
kunnuwanta na kaɗawa daidai da kalangu.
Buhunan gyaɗa sun jeru suna taka rawa,
ɗaya ya kwance, ƴaƴan suka watse
suka koma taurari bisa gulbi.
Ƙadangare na karɓar kuɗin tasha da girman kai.
Na yi dariya har allura ta sami yatsa,
jini ya ɗiga ban ko lura da zubowa.

Sai babur ya ratsa ta bakin titi,
can baya, inda ido ba ya zama,
gindin bedi, ga wani tsoho
da tayar keke a wuya, da bahon ruwa.
Hula ta karkace hagu,
ƙafar dama na jan ƙasa kaɗan.
Ya tsoma shambur yana neman kumfa,
ya ɗago, ya share hannu a ƙirji,
akuya ta sha kwana, ya ɓace kamar ƙiftawa.

Abarshi mai faci.
Ubana.
Shekara tara ke nan da muka raka shi.
Bai taɓa yarda da mai hoto ba,
ya ce inuwar mutum ta ishe shi.
Na katin ɗan ƙasa kaɗai ya bari,
shi ma ambaliya ta lashe fuskar,
sai kunne ɗaya da hatimin hukuma.
Na ce, "Habsu, maido baya."
Ta maido. Na ce, "Ƙara maidowa."

Da magariba na je wurin yaron.
Ɗaki kamar akurki, kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
an ɗauke wuta, yana fifita da kwali.
Na ce, "Me ya sa?" Ya sunkuyar da kai:
"Ya taɓa yi min faci bashi, dala ashirin,
ina ta gobe-gobe har ya riga ni.
Zane arba'in da takwas ne wurin nan.
Kwana shida ƙafar ta ƙi fitowa,
in na ja ta sai ta yi ta kowa,
sai da na zauna ƙofar shagonka
ina kallon yadda kake tashi in an kira salla."
Na tsaya. Ban san ina ɗingishi ba.
Shekara hamsin, babu mai gaya min,
ashe tafiyarsa nake ta ɗaukowa.

Yanzu in waƙar ta tashi a shagon caji,
yara na jiran akuya ta yi tsalle,
ƴan mata na jiran amshi.
Ni nakan ɗage ƙafa daga keke,
in ƙirga har babur ya kai gindin bedi.
Daƙiƙa huɗu. Sun fi ƙarfin a saya,
sun yi kaɗan ga gaisawa.

Na ɗinka wa Tsahiru riga, ya ƙi karɓa,
na rataye ta a ƙusa tana jiransa.
Bangon kuwa na hana a shafa masa farar ƙasa.
Akwai wani doki mai ƙafa biyar a jiki,
tun yana ɗan shekara bakwai,
ruwan sama bai gama wankewa.